Ilimin Jini a Makaranta da Makomar Ma'ajiyar Jinin Asibiti

Jini na daga cikin 'yan abubuwan da likitanci, duk da ci gaban da ya samu, bai iya ƙera madadinsu ba, domin babu wata masana'anta a duniya da ke harhaɗa shi, kuma kowace ledar jini da aka rataye a gefen gadon majinyaci daga hannun wani ɗan Adam ta fito. Wahalar ba a nan kaɗai ta tsaya ba, saboda jini ba ya daɗewa a ajiye. Jajayen ƙwayoyinsa, ko an sa su a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6 a ma'aunin Selsiyos, ba sa wuce kwana 35 zuwa 42, ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuwa kwana 5 kacal suke yi kafin a zubar da su. Ke nan asibitin da ya cika ma'ajiyarsa a watan Janairu zai wayi gari babu komai a watan Maris idan mutane ba su ci gaba da zuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasa suka ba da jini a shekara, za a biya mafi ƙarancin bukatar ƙasar, wanda ke nufin Nijeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, tana bukatar sama da leda miliyan 2 a kowace shekara. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa a ƙasashe masu arziki ana samun kyautar jini fiye da 30 daga kowane mutum 1,000, yayin da a ƙasashe matalauta adadin bai wuce 5 ba.

Waɗanda wannan gibi ya fi cutarwa a ƙasar Hausa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa jinya a asibiti. Na farko su ne mata masu haihuwa, domin zubar jini bayan haihuwa, wato asarar mililita 500 ko fiye cikin awa 24 da sauka, shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe iyaye mata a duniya, kuma yana iya hallaka mace mai cikakkiyar lafiya cikin 'yan awoyi. A shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya baki ɗaya 'yan Nijeriya ne. Sai ƙananan yara, waɗanda zazzaɓin cizon sauro ke farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, ta yadda daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka ɗakunan yara a asibitocin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ke cika da 'yan ƙasa da shekara 5 masu farin tafin hannu da farin ido, suna numfashi sama-sama, waɗanda maganin zazzaɓi kaɗai ba zai tashe su ba sai an yi musu ƙarin jini. A ƙasashe matalauta, fiye da rabin jinin da ake ƙarawa yara 'yan ƙasa da shekara 5 ake ƙara wa. Ga kuma masu ciwon sikila, da ake kira amosanin jini, wanda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya, sannan ga waɗanda hatsarin mota da na babur ke rutsawa da su.

Yadda ake samo jinin a yau shi ne asalin matsalar. Masana sun kasa masu ba da jini kashi uku: mai bayarwa don radin kansa ba tare da an biya shi ba kuma ba tare da ya san wanda za a ƙara wa ba, da ɗan uwa ko abokin majinyaci da ke bayarwa a madadin ledar da za a yi amfani da ita, da kuma mai sayarwa. A yawancin asibitocin yankin nan kashi na biyu da na uku ne suka fi yawa. Likita ya ce a nemo jini leda biyu, sai hankalin dangi ya tashi, a shiga kiran 'yan uwa a waya cikin dare, a watsa cigiya a WhatsApp, a kawo ƙane a gwada a ce jininsa bai isa ba, a kawo maƙwabci a ce an ga ciwon hanta, daga nan sai wani da ke rakuɓe a bakin ƙofa ya matso ya ce yana da yaran da za su bayar idan an yi ciniki. Duk awar da aka ɓata a wannan fafutuka daga rayuwar majinyaci ake zaftare ta. Ban da haka, mai sayar da jini yana da dalilin ɓoye rashin lafiyarsa da kuma dawowa tun jikinsa bai mayar da abin da aka ɗiba ba, ɗan uwa kuma kunya na iya hana shi faɗin gaskiya a gaban dangi. Gaskiya ne ana gwada kowace leda don gano ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, amma akwai ɗan lokaci bayan kamuwa da cuta wanda gwaji ba ya iya ganin ta, don haka gaskiyar mai bayarwa ita ce kariya ta farko. Wannan ne ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 1975 ya bukaci ƙasashe su gina tsarin jininsu a kan masu bayarwa kyauta, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini a Nijeriya, a 2021 kuma aka sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar kula da harkar jini ta ƙasa. A Nijar akwai cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai da rassanta a jihohi.

Sai dai doka ba ta haifar da mai ba da jini. Mutumin da zai taka da ƙafarsa zuwa asibiti, lafiyarsa ƙalau, babu nasa a kwance, ya miƙa hannu a ɗibi jininsa don wani da ba zai taɓa sani ba, mutum ne da ya riga ya fahimci abin da ke cikin jikinsa kuma tsoro ya fita daga ransa, kuma irin wannan fahimta ba a samun ta a farfajiyar asibiti lokacin da ido ya raina fata. A nan ne makaranta ke da aikin da babu mai iya yi mata. Yaro ɗan shekara 10 ba zai ba da jini ba, kuma bai kamata a nema daga gare shi ba, amma shekara 8 ne kawai tsakaninsa da ranar da zai cancanta, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare kuwa watanni ne suka rage masa.

Abin da ya kamata a fara koya wa yara shi ne cewa jini ba ruwa ja ne kawai ba. Idan ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya kawo wa aji rufaffiyar kwalbar gwaji mai jinin da aka sa wa maganin hana daskarewa aka bar shi ya kwanta, yara za su ga ya rabu da kansa: sama ruwa ne mai launin ɗorawa-ɗorawa, ƙasa ja ne mai duhu da kauri, a tsakaninsu kuma akwai wani siririn layi fari-fari da sai an ƙura ido ake ganin sa. Ruwan na sama shi ne filasma, wanda ya kai kusan kashi 55 cikin 100 na jini, kuma shi ke ɗaukar abincin da hanji ya tace zuwa gaɓoɓi, ya kwaso dattin da ƙoda za ta fitar. Jan na ƙasa jajayen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ke ɗauke da himogulobin, wani sinadari mai ƙarfe a cikinsa da ke kama iskar oksijin a huhu ya sake ta a sassan jiki. A siririn layin nan ne fararen ƙwayoyin jini suke, masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, tare da filatilet, ƙananan ɓarɓashin da ke taruwa su toshe rauni idan an yanke. Darasi ɗaya irin wannan ya isa ya bayyana wa yaro dalilin da ya sa ƙanwarsa mai zazzaɓi ta yi fari, da dalilin da ya sa ake matsa wa mai ciki ta ci hanta da wake da ganye kuma ta sha ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa a wurin awo.

Kewayawar jini ma ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Yaro ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun na minti ɗaya, a sa shi ya zagaya fili a guje, ya sake ƙirgawa, sai ya gano da kansa cewa zuciya na ƙara sauri idan tsoka ta bukaci ƙarin iska. Malamin da ke koyar da wannan a ƙasar Hausa yana da tarihin da zai ja hankalin ɗalibansa, domin Ibnun Nafis, likitan da ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira kuma ya rasu a 1288, shi ne ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya, ƙarni uku da ɗoriya kafin William Harvey na Ingila ya wallafa cikakken bayanin kewayawar jini a 1628.

Amma darasin da ya fi kowanne nauyi, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne cewa jiki yana sabunta jininsa ba dare ba rana. Kowace jar ƙwayar jini kwana 120 ne kimanin rayuwarta, bayan haka saifa da hanta su rushe ta, ɓargon da ke cikin ƙashi kuma yana ƙera sababbi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba wajen kyauta kuwa mililita 450 ne, wanda bai kai cikin ledar fiya-wata ɗaya ba, tunda ita mililita 500 take ci. Ruwan da aka rasa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni, shi ya sa aka ƙayyade cewa namiji zai iya bayarwa bayan kowane wata 3, mace kuma bayan wata 4, matuƙar shekarun mutum suna tsakanin 18 da 65, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma gwajin ɗigon jinin yatsa ya nuna himogulobin ɗinsa ya isa. Yawancin masu ƙin ba da jini sun ɗauka cewa jinin mutum ƙayyadadde ne, abin da ya fita ya fita ke nan, kuma daga wannan kuskure ne tsoron rama da raunin mazakuta da jiri na har abada suka samo asali. Yaron da ya san aikin ɓargo tun yana firamare ba zai girma da wannan tsoro ba.

Daga nan sai batun rukunin jini. Tun daga 1818 James Blundell, likitan mata a birnin Landan, ya fara gwada ƙarin jini daga mutum zuwa mutum da nufin ceton masu zubar jini bayan haihuwa, amma wasu suna rayuwa wasu suna mutuwa ba a san dalili ba, har sai da Karl Landsteiner ya gano a birnin Biyana a 1901 cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba ƙwayoyin sai su cure su farfashe. Rukunan su ne A da B da AB da O, a 1940 kuma Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana wata alama ta daban da ake kira Rh, wadda samuwarta ko rashinta ke sa a ce jinin mutum fozitif ne ko negetif. Gwajin yana da sauƙin gani: ana ɗiga jini sau uku a kan farin faranti, a zuba wa na farko shuɗin ruwan gwaji, na biyu rawaya, na uku marar launi, a gauraya, kuma cikin minti biyu ɗigon da ya dace da ruwansa zai tsinke ya yi gudaji-gudaji yayin da sauran suka zauna sumul. Kusan rabin 'yan Nijeriya rukunin O ne, masu negetif kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba, abin da ya sa neman jininsu ke zama tashin hankali a lokacin gaggawa. Sanin wannan ya fi zama dole ga 'yan mata, saboda mace mai negetif da ta ɗauki cikin ɗa mai fozitif jikinta na iya ƙera garkuwar da za ta cutar da 'ya'yan da za ta haifa daga baya, alhali allura ɗaya da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana hana faruwar haka.

Wajibi ne kuma malami ya bambance wa ɗalibai rukunin jini da jinotayif, domin har manya masu ilimi suna cakuɗa su. Rukunin jini yana faɗin wanda za a iya ƙara wa mutum jininsa, jinotayif kuwa, wato AA ko AS ko SS, yana faɗin irin himogulobin ɗin da mutum ya gada daga iyayensa. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, wato mai sikila. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma sakamakon da aka gani ana saura mako biyu ɗaurin aure, bayan an kai lefe zukata sun shaƙu, ya zo a makare ƙwarai idan aka kwatanta da wanda aka sani tun ana aji uku na sakandare.

Akwai kuma shakkun da ba na kimiyya ba, waɗanda bai dace a yi musu dariya ba, domin masu su ba wawaye ba ne. Wasu suna tsoron za a kai jininsu wurin matsafa, wasu suna jin allurar ɗiba za ta sa musu cuta, wasu kuma suna tambayar ko ƙarin jini yana ƙulla 'yan uwantaka irin ta shayarwa har ya haramta aure. Amsar ta biyu ita ce allura da leda a haɗe suke zuwa cikin rufaffen ƙunshi, a gaban mai bayarwa ake ɓarke su, kuma sau ɗaya ake amfani da su. Ta uku kuwa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka ta amsa ta a 1989, inda ta yanke cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa, ta kuma tabbatar da haramcin sayar da jini, sai dai wanda lalura ta tilasta wa saye bai yi laifi ba. Malamai da dama suna kafa hujja da aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda ta ɗaukaka matsayin ceton rai ɗaya, wajen ƙarfafa ba da jini. Abin lura shi ne Bahaushe bai taɓa ƙyamar fitar jini daga jikinsa ba idan ya yarda da dalilin, tunda tun kaka da kakanni yake zama gaban wanzami a yi masa ƙaho ya tashi ya tafi gona. Abin da ya rage shi ne amana, wato ya san inda jinin zai je, kuma ziyarar ɗalibai zuwa ma'ajiyar jini, inda za su ga ledoji jere cikin firji kowace da lamba da rukuni da ranar ƙarewar wa'adinta, ta fi dogon wa'azi tasiri wajen kashe jita-jitar tsafi.

Ƙasar Zimbabuwe ta nuna abin da makaranta za ta iya. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ƙanjamau ya yi wa manyan ƙasar mummunan kamu, hukumar jininta ta juya ga ɗaliban sakandare, waɗanda cutar ba ta yaɗu a cikinsu ba, a 1994 kuma aka kafa ƙungiyar Pledge 25, wadda matasa masu barin makaranta ke shiga da alkawarin ba da jini sau 25 a rayuwarsu. Hikimar tsarin ita ce wanda ya ɗauki wannan alkawari dole ya kiyaye kansa daga abin da zai ɓata jininsa, saboda haka neman jini ya zama hanyar tarbiyya. Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe sun kwaikwayi tsarin. Yana da rauninsa, domin dogaro da ɗalibai ya sa ma'ajiyar jinin Zimbabuwe na yin ƙasa duk lokacin hutun makaranta, kuma wannan gargaɗi ne ga duk mai son ɗora nauyin al'umma kacokan a wuyan 'yan makaranta.

Saboda haka akwai iyakokin da bai halatta a ƙetare ba. Ba a ɗibar jinin wanda bai kai shekarun ba, ba a tilasta wa kowa, ba a sa maki ko kyauta mai tsoka a matsayin lada, kuma malamin aji ba shi da hurumin huda yatsun yara, wannan aikin ma'aikacin lafiya ne da izinin iyaye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, don haka a kowane taron ba da jini za a sami waɗanda aka mayar, kuma wajibi ne a gaya musu sakamakon a asirce tare da nuna musu inda za su nemi kulawa, kada ɗalibi ya zama abin nuni a cikin abokansa. Budurwar da aka mayar saboda ƙarancin jini, abin da jinin al'ada da ƙarancin abinci mai gina jiki ke yawan jawowa, ita ma ta amfana, tunda ta san halin da take ciki kafin ta kai ga ɗaukar ciki.

Abin da aka koya a aji yana isa gida kafin magariba, kuma uwar da ba ta taɓa shiga makarantar boko ba tana iya jin labarin ɓargo daga bakin 'yarta. Amma miliyoyin yaran Arewa ba sa cikin ajin boko, saboda haka darasin ba zai cika ba sai ya shiga Islamiyya da tsangaya, sai limamai da fastoci da masu unguwanni sun ɗauke shi, sai kuma an jawo rundunonin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala da Red Cross, waɗanda suke da matasa masu horo a kusan kowace unguwa. Ranar 14 ga Yuni, wadda ita ce ranar haihuwar Landsteiner kuma aka fara bikinta a 2004 a matsayin ranar masu ba da jini ta duniya, ta faɗo daidai farkon damina a ƙasar Hausa, amma jinin da aka tara a ranar zai ƙare ko ya lalace kafin watan Agusta da Satumba da zazzaɓi ke tsananta, don haka gara unguwanni da makarantu su raba watannin shekara a tsakaninsu. A watan azumi, da masu bayarwa ke raguwa, ana iya mayar da aikin bayan sallar tarawihi.

Tambayar da ɗalibi mai kaifin basira zai yi, wadda ubansa ma ke yi, ita ce me ya sa ake karɓar kuɗi a hannun majinyaci alhali kyauta aka ba da jinin. Amsar gaskiya ita ce ledar da kayan gwajin cututtuka huɗu da gwajin dacewa da man janaretan da ke riƙe firji duk da kuɗi ake samun su, kuma kuɗin waɗannan ake biya. Wannan amsa ba za ta gamsar ba sai asibitoci sun liƙa farashin a bango kowa ya gani, sun ba da rasit, sun kori 'yan cinikin da ke bakin ƙofa, gwamnatoci kuma sun ɗauke wa masu haihuwa da ƙananan yara da masu sikila wannan nauyi. Haka kuma ya wajaba kowace ma'ajiyar jini ta riƙe rajistar waɗanda suka taɓa bayarwa, da rukuninsu da lambar wayarsu bisa amincewarsu, ta aika musu saƙo idan wata 3 ko 4 sun cika, domin jinin wanda ke dawowa a kai a kai ana gwada shi kowane zuwa shi ne mafi aminci da asibiti zai iya samu.